Bayan An Ƙoshi: Godiya ga Allah a Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki

Albasa ce ta tona asirin Bani Isra'ila, kuma littattafan biyu duk sun ajiye sunanta. A Suratul Baƙara, aya ta 61, mutanen da aka tsamo daga hannun Fir'auna, aka tsaga musu teku, aka yi musu rumfa da girgije, ana sauko musu da manna da salwa ba noma ba farauta, su ne suka tako wurin Annabi Musa (AS) suka ce sun gaji da cin abu ɗaya kullum. Su dai a roƙa musu abin da ƙasa ke fitarwa, irin su ganyen miya da kokwamba da adas da albasa. Wanda kuma ya buɗe Littafin Ƙidaya a Tsohon Alkawari, sura ta 11, zai tarar da su a bakin tantunansu suna kuka wiwi, suna lissafa kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa, har suna cewa a can kyauta suke cin kifin. Bawan da jiya ake zane shi a wurin buga tubali, yau shi ne yake kiran tuwon gidan ubangidansa kyauta.

Da cikinsu a cike suka yi wannan magana. Nan ne Alƙur'ani da Littafi Mai Tsarki suka fi haɗuwa a kan zancen godiya: dukansu sun fi jin tsoron ƙoshi a kan ɗan Adam fiye da yunwa.

Mu nan ba baƙin zancen ba ne. Ka gaida Bahaushe a bakin sana'arsa ya ce maka aiki da godiya. Ka tambayi majinyaci jiki ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi, ko da bai runtsa ba daren jiya. A Kafanchan ko Biliri, in ka ji an ce mun gode Allah, ba ka iya rantsewa masallaci mai maganar yake zuwa ko coci. Tun 1932 aka fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, fassarar Alƙur'ani da baki kuwa a zaurukan malamai ta girme wannan nesa ba kusa ba. Da yake harshen ɗaya ne, sai a ɗauka abin da ke ƙarƙashinsa ma ɗaya ne. A wurare da yawa haka ɗin ne, har mutum ya riƙe baki. Amma akwai inda hanya ta rabu, kuma rufa-rufa a kan rabuwar ba ta ƙara wa kowa zumunci.

Da ƙarfina na samu

Sura ta 8 ta Maimaitawar Shari'a huɗuba ce da Musa ya yi wa jama'arsa suna gab da shiga ƙasa mai rafuffuka da alkama da ɓaure da zaitun da zuma. A nan bai tsorata su da sojojin maƙiya ba. Abin da ya ja musu kunne a kai shi ne ranar da za su ci su ƙoshi, su gina gidaje masu kyau, garke ya yaɗu, azurfa da zinariya su taru, sannan zuciya ta kumbura, mutum ya ce ƙarfin damtsensa ne ya tara masa. Daga aya ta 10 ta wannan sura Yahudawa suka ɗauko addu'ar da suke yi bayan cin abinci har yau.

Mai karanta Alƙur'ani ya san wannan murya. Muryar Ƙaruna ce a Suratul Ƙasas, mutumin da makullan taskokinsa kaɗai suke nauyaya wa ƙarfafan maza, wanda da aka yi masa nasiha ya ce iliminsa ne ya ba shi, ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Ita ce ta mai gonaki biyu a Suratul Kahfi, da ya shiga gonarsa yana cewa wannan ba mai ƙarewa ba ce. A Linjilar Luka, sura ta 12, wani manomi ne da kaka ta yi wa kyau, ya yanke shawarar rushe rumbunansa ya gina manya ya kwanta ya huta shekaru, a daren nan aka karɓi ransa.

Labarin mutanen Saba ya fi waɗannan zafi, domin gari guda ne, kuma kufansa yana nan ana gani. Sura ta 34 a Alƙur'ani ta ce suna da gonaki dama da hagu, abin da aka nema gare su kawai su ci su gode. Suka juya baya, ambaliya ta zo, gonakin suka koma itatuwa masu ɗacin 'ya'ya da 'yar magarya nan da can. Malaman tafsiri suna danganta wannan da madatsar ruwan Ma'arib a Yaman, wadda ta shayar da ƙasar ɗaruruwan shekaru. Akwai rubutu a jikin dutse da ya nuna Abrahata, mai giwaye, ya gyara ta a tsakiyar ƙarni na 6, bayan haka ba da daɗewa ba ta fashe fashewar ƙarshe. Sai a 1986 aka buɗe wata sabuwa kusa da wurin.

Littattafan biyu ba su ɗauki butulci a matsayin ƙaramin rashin tarbiyya ba. A Suratul A'arafi, da Iblis ya gama faɗin ta inda zai ɓullo wa 'yan Adam, gaba da baya da dama da hagu, sakamakon da ya yi alfahari da shi shi ne mafi yawansu ba za a same su masu godiya ba. Baƙara 152 ta ajiye godiya a gefe ɗaya, kafirci a ɗaya gefen, Suratul Insan kuma ta raba mutane gida biyu a kan wannan ma'auni. Manzo Bulus, a farkon wasiƙarsa zuwa ga Romawa, da zai bayyana yadda 'yan Adam suka gangara har suka kai ga bautar gumaka da kowace irin ɓarna, matakin farko da ya ambata shi ne sun san Allah amma ba su girmama Shi ba, ba su kuma gode masa ba.

Amshi biyu

Duk almajirin da ya kai Suratur Rahman ya san daɗinta a allo: ayoyi 78, amma guda ɗaya tana dawowa sau 31. Zabura ta 136 ma haka aka gina ta, ayoyi 26, kowace da amshi iri ɗaya, mai jagora ya faɗi rabin farko jama'a su karɓa. In aka jera su gefe da gefe ana koyon abu.

Amshin Rahman tambaya ce, an jefa ta ga mutane da aljannu, ana ƙure su su nuna ni'imar da za su iya musantawa. Amshin Zabura shaida ce da jama'a suke bayarwa cewa ƙaunar Ubangiji ba ta ƙarewa. Can Allah ne yake tambaya, nan mutane ne suke amsawa. Kuma dukansu ba su tsallake abin da ke da nauyi a kunne ba. A Rahman amshin yana biyo bayan siffanta wuta da tafasasshen ruwa kamar yadda yake biyo bayan siffanta Aljanna, malamai suka ce gargaɗi kafin aukuwa shi ma ni'ima ne. A Zabura ana maimaita amshin bayan ambaton mutuwar 'ya'yan fari na Masar da kashe sarakuna Sihon da Og.

Abin da ake lissafawa ya ɗan bambanta. Alƙur'ani ya fi kama hannun mutum ya nuna masa abin da ke gabansa kullum. Suratun Nahli, wadda wasu magabata suke kira surar ni'imomi, ta bi su ɗaya bayan ɗaya: dabbar hawa, nonon da ke fitowa fari tas daga tsakanin tumbi da jini, zumar ƙudan zuma, tantin fata mai sauƙin ɗauka ranar tafiya, inuwa, rigar da ke kare zafi, ji da gani da aka ba jaririn da ya fito bai san komai ba. Bafulatanin da ke tatsa da asuba ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi. Tsohon Alkawari kuwa ya fi jan mutum baya zuwa tarihi. A Maimaitawar Shari'a 26, manomin da ya kawo nunan farin gonarsa a kwando ba ajiyewa kawai zai yi ya tafi ba, sai ya tsaya gaban firist ya karanto labarin kakanninsa tun daga yawon kiwo, zuwa bautar Masar, zuwa fitowa. Damin hatsin da ke hannunsa ƙarshen wani dogon labari ne.

Wannan rinjaye ne kawai, ba katanga ba. Zabura ta 104 daga farko har ƙarshe halitta take kallo, Alƙur'ani kuma ya tuna wa Musulmi Badar, ranar da suke 'yan kaɗan marasa ƙarfi, ya ce su gode. Azumin Ashura ma godiyar tarihi ce tsantsa: Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtar ranar saboda tsirar Musa daga Fir'auna, ya azumce ta, ya umarci sahabbai su yi. Duk Musulmin da ya kama baki ranar 10 ga Muharram, tsallake tekun nan yake gode wa Allah a kai.

Kutare

Akwai labarai biyu da ya kamata a karanta su a zama ɗaya. Na farko hadisin Abu Huraira ne a Bukhari da Muslim. Mutum uku cikin Bani Isra'ila, kuturu da mai ƙora a kai da makaho, mala'ika ya shafe su suka warke, aka ba na farko raƙuma mai ciki, na biyu saniya, na uku tunkiya, har kowa ya cika kwari guda da dukiya. Sai mala'ikan ya dawo wa kowannensu a cikin tsohuwar kamarsa, matafiyi ne wai guzuri ya yanke masa. Tsohon kuturu ya ce hidindimu sun yi masa yawa. Da aka ce masa kamar an san shi a da, fakiri wanda mutane ke ƙyama, ya ce ina, shi wannan dukiya gado ce kaka da kakanni. Na biyu ma haka. Makahon ne kaɗai ya ce shi makaho ne Allah ya buɗe masa ido, baƙo ya ɗebi abin da yake so. Aka ce masa ya riƙe dukiyarsa, jarrabawa ce, an yarda da shi an yi fushi da 'yan'uwansa biyu.

Na biyu yana Luka 17. Yesu yana kan hanyar Urushalima, tsakanin Samariya da Galili, kutare goma suka tsaya daga nesa, yadda shari'a ta tilasta musu, suka ɗaga murya suna neman jinƙai. Ya ce su je su nuna kansu ga firistoci. Suna cikin tafiya suka ga jikinsu ya washe. Ɗaya ya juyo da gudu yana yabon Allah da ƙarfi, ya faɗi rubda ciki yana godiya, kuma shi Basamariye ne, daga ƙabilar da Yahudawa ba sa ko shan ruwa a ƙoƙo ɗaya da ita. Yesu ya tambaya ina sauran taran.

Ɗaya cikin uku, ɗaya cikin goma. Suratu Saba ta riga ta faɗa cewa masu yawan godiya cikin bayi kaɗan ne. Amma a duba ƙarshen labaran. A hadisin, mala'ika ya yi wa maƙaryatan biyu addu'ar komawa yadda suke. A Luka ba a ce kuturta ta dawo wa taran ba, sun tafi da lafiyarsu, abin da suka rasa shi ne kalmar da aka yi wa Basamariyen cewa bangaskiyarsa ta cece shi. Mai gaggawa zai ce to ga bambancin nan: wancan littafin horo, wannan na afuwa. Bai kai nan ba. Waɗanda suka yi kukan albasa a Littafin Ƙidaya annoba ce ta afka musu naman salwa yana bakinsu, Maimaitawar Shari'a 28 kuma ta ce wanda bai bauta wa Allah da murna a lokacin yalwa ba zai bauta wa maƙiyinsa da yunwa da tsiraici. A ɗaya ɓangaren, ayar Nahli da ta ce ni'imar Allah ba ta ƙidayuwa da gafara da jinƙai aka rufe ta, kuma surar ta ce da Allah yana kama mutane nan take da zaluncinsu da bai bar ko dabba a bayan ƙasa ba.

Inda hanya ta rabu

Ayar da ta fi kowace yawo a bakin masu wa'azi a nan ita ce ta 7 a Suratu Ibrahim, mai alkawarin ƙari ga wanda ya gode da azaba mai tsanani ga wanda ya butulce. A Alƙur'ani ni'ima jarrabawa ce da ba a gama ba tukuna. Annabi Sulaiman (AS), da ya ga gadon sarauniyar Saba a gabansa kafin ƙiftawar ido, abin da ya fara faɗa shi ne ana gwada shi ne a ga ko zai gode. Godiya tana cikin aikin da bawa zai tarar a ma'auni. Sannan akwai wani abu da mai karanta Littafi Mai Tsarki zai ji baƙo a kunnensa: Allah da kansa ana siffanta Shi da godiya. Ash-Shakur yana cikin sunayensa, ma'ana yana karɓar ɗan ƙaramin aiki ya saka da mai yawa. Mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, hadisin Bukhari ya ce Allah ya gode masa ya gafarta masa. Luka 17 ɗin nan kuwa, 'yan ayoyi kafin labarin kutare, cewa ta yi ubangida ba ya gode wa bawa don ya yi abin da aka sa shi, ko da yake a wasu wurare Sabon Alkawari ya ce Allah ba ya manta wahalar masu yi masa hidima.

A wurin Kirista cibiyar godiya ba ruwan sama ba ce ba kuma lafiya ba. Yesu Almasihu ne, da mutuwarsa da tashinsa, waɗanda Kirista ya yi imani da su ne aka biya bashin zunubinsa. Abin da ya fi girma an riga an bayar, saura amsawa. Shi ya sa babbar ibadar coci, Jibin Ubangiji, tun ƙarnonin farko sunan da aka fi saninta da shi a Girkanci godiya yake nufi, daga godiyar da Yesu ya yi a kan gurasa da ƙoƙo a daren da aka kama shi. Katekisim na Heidelberg, littafin koyar da addinin Kirista da aka rubuta a Jamus a 1563, ya kasa dukan koyarwa kashi uku: halin ƙaƙa-ni-ka-yi da mutum yake ciki, kuɓutarsa, sai godiya. Dokoki Goma da addu'a duk a kashi na uku aka zuba su. Wato a wannan fahimta kyakkyawan aiki ba shi ke sayen ceto ba, tukwicin ceto ne.

Musulmi ba zai bi Kirista zuwa nan ba, domin Alƙur'ani ya kore gicciyewar, ya kuma kira Annabi Isa (AS) bawan Allah da Manzonsa. Wuraren da Linjila ta nuna Yesu yana ɗaga ido yana gode wa Allah, kamar a bakin kabarin Li'azaru, Kirista yana ganin Ɗa yana magana da Uba, Musulmi yana ganin bawa gaban Ubangijinsa. Babu dabarar da za ta mai da waɗannan biyu abu ɗaya. Sai dai siffar godiyar da ke zuwa bayan gafara ba baƙuwa ba ce a Musulunci. Nana A'isha ta ga Annabi (SAW) yana tsayuwar dare har ƙafafunsa suna tsagewa, ta tambaye shi dalili alhali an gafarta masa abin da ya gabata da abin da zai zo. Amsar da ya ba ta ita ce, ai shi ya sa ya kamata ya zama bawa mai yawan godiya.

Ranar da babu abin lissafawa

Bambanci na biyu ba a cika zancensa ba, ni kuwa ina ganin ya fi taɓa rayuwar yau da kullum. Zabura littafin yabo ne, amma kusan kashi ɗaya cikin uku na waƙoƙinsa 150 kuka ne, kuma kukan ba mai ladabi ba. Zabura ta 44 tana tuhumar Allah da sayar da jama'arsa da araha, har tana ce masa ya farka. Ta 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba ko kalmar godiya ɗaya. Ayuba na Tsohon Alkawari, wanda ya yabi Allah ranar da ya rasa 'ya'yansa goma da dukiyarsa, shi ne a sura ta 3 yake tsine wa ranar haihuwarsa, ya shafe surori yana neman a zauna shari'a tsakaninsa da Mahaliccinsa. A ƙarshe abokansa masu yi masa wa'azin ladabi aka tsawata wa.

Annabi Ayuba (AS) na Alƙur'ani bai yi wannan jayayya ba. A Suratul Anbiya ya ce cuta ta shafe shi, ya ambaci rahamar Allah, ya yi shiru. Sau huɗu Alƙur'ani ya haɗa mai yawan haƙuri da mai yawan godiya a siffa ɗaya, hadisin Suhaibu a Muslim kuma ya raba rayuwar mumini tsakanin su biyun. Ba a hana hawaye ba. Annabi Yaƙub (AS) ya yi kuka har idonsa ya yi fari, ya ce wurin Allah kaɗai yake kai ƙararsa. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, amma ya ce harshe ba zai furta abin da Allah ba ya so ba. Iyakar a bayyane take: ka kai kuka wurin Allah, kada ka kai ƙarar Allah. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ɗansa ya rasu ya yi hamdala, ana gina masa gida a Aljanna da sunan hamdalar.

Ko a nan ma igiyoyin suna sake haɗuwa a wani wuri. Annabi Habakuk ya rufe littafinsa da cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya watse, zai yi murna da Allah. Bulus ya umarci Tasalonikawa su yi godiya a kowane hali, shi da kansa kuma, a Ayyukan Manzanni 27, cikin jirgin ruwa mai mutum 276 da guguwa ta yi mako biyu tana wujijjigawa, ya ɗauki gurasa ya gode wa Allah a gaban kowa tun ba a ga tudu ba. Alƙur'ani ya san mutanen jirgi ta ɗaya fuskar: a Suratu Yunus suna rantsuwa in sun tsira za su zama masu godiya, ƙafarsu na taɓa ƙasa su koma ruwa.

Abin da ya fita daga hannu

Littafin Firistoci, sura ta 7, ya kafa wata ƙa'ida mai ban sha'awa a kan hadayar godiya. Naman dole a cinye shi a ranar, ba a kwana da ko tsoka. Mishna, littafin fiƙihun Yahudawa, ta ce gurasa 40 ake haɗawa da dabbar. Mutum ɗaya da iyalinsa ba su iya gamawa da wannan kafin gari ya waye, dole ya kira maƙwabta da mabukata, su kuma dole su tambaye shi me ya faru. Malamansu sun ce hikimar ke nan. A Suratu Saba umarnin da aka ba gidan Annabi Dawuda (AS) shi ne su yi aiki don godiya, Suratu Luƙman ta haɗa godiyar Allah da ta iyaye a aya ɗaya, hadisin Abu Dawuda da Tirmizi kuma ya ce wanda ba ya gode wa mutane bai gode wa Allah ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware littafi guda cikin Ihya'u a kan haƙuri da godiya. Ya ce godiya sani ce, da farin ciki, da aiki, ya kuma buga misali da sarkin da ya ba wani doki. Wani murnarsa dokin ne kawai, da a daji ya tsince shi ma duk ɗaya. Wani murnarsa sarki ya san da shi. Na uku murnarsa ya sami abin hawa da zai bi sarki ya yi masa hidima ya kusance shi, kuma shi ne mai cikakkiyar godiya. A wurin Gazali duk wanda ya kalli haram ya butulce wa ni'imar ido, ko da carbi na hannunsa.

Ko a yadda jiki ke nuna godiya akwai zance. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna son sujadar godiya in wani alheri ya faɗo, suna kafa hujja da irin sujadar Ka'abu ɗan Malik ranar da aka karɓi tubansa. Mashhurin mazhabar Malikiyya, wadda ƙasar Hausa ta tashi a kai, karhanta ta ya yi, haka yake a Mukhtasar na Halil, an fi son mutum ya yi nafila raka'a biyu. Yaran da ke faɗuwa sujada a filin ƙwallon unguwa in sun zura ƙwallo, a wurin Mohamed Salah da Sadio Mane suka gani.

Da kaka ake ganin abin da idanu. A masussuka, manomin da hatsinsa ya kai nisabi, wato sa'i 300, yana aunawa yana ware ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka yi, tun kafin buhu ya shiga ɗaki, domin Suratul An'am ta ce a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa. A coci-cocin kudancin Kaduna da Filato da Tangale, ranar Lahadin godiyar kaka, iyali-iyali ake tasowa daga bayan coci ana rawa, 'yan zumuntar mata suna kaɗa tulu da caki, wannan da damin dawa a ka, wancan da doya, yaro yana jan akuya tana tirjewa, a jibge a gaban bagade. A duka wuraren biyu rumbu ya ragu kafin a ce an gode.

Da wannan ma'aunin ya kamata a auna wata godiya da ta yi yawa a zamanin nan. Akwai mai wa'azin da ya mai da ita jari, ka ba da baikon godiya ko ka yi sadaka kaza don Allah ya ninka maka, kamar ana zuba adashi. Akwai kuma wadda ake jefa wa talaka daga sama. Albashi ya yi wata uku bai zo ba, a ce ma'aikaci ya gode Allah yana da aikin. Ni dai ban ga inda littattafan nan suka ba mai riƙe da haƙƙin wani izinin yi masa wa'azin godiya ba. Waɗanda aka fi matsa wa lamba a cikinsu masu shi ne: gidan sarautar Dawuda, Sulaiman, Ƙaruna, masu sababbin gidaje da garke. Suratud Duha, bayan ta tuna wa Annabi (SAW) maraicinsa da yadda aka wadata shi, sai da ta fara hana danne maraya da korar mai roƙo, sannan ta zo kan ba da labarin ni'ima. Bafarisiyen Luka 18 da godiya ya buɗe addu'arsa, yana gode wa Allah da bai yi shi kamar mai karɓar harajin da ke tsaye can baya ba, kuma mai karɓar harajin ne ya koma gida da karɓuwa.

Wanda ya fi kowa kaushin harshe a nan Annabi Amos ne, a ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, zamanin da masarautar Isra'ila ta arewa take cikin daula. Attajiran Samariya suna kwana a gadajen hauren giwa, suna sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, suna rage mudu suna ha'inci a ma'auni, kuma ba sa fashin zuwa Betel da hadayar godiya, a yi shela kowa ya ji. Amos ya yi musu gatse ya ce su ƙara himma, ai abin da suke so ke nan, sannan ya gaya musu Allah ya ƙi idodinsu, ba zai saurari kiɗan molayensu ba sai an yi adalci. Shi makiyayi ne daga Tekowa, ba ɗan gidan malamai ba. Amaziya, firist na Betel, ya kai ƙararsa wurin sarki Yerobowam, ya kuma ce masa ya tattara ya koma Yahuda ya nemi abincinsa a can, domin Betel wurin ibadar sarki ne.